Idan Majalisa Ta Kira Gwamnati Bahasi: Tambayoyi Da Amsoshi Kan 'Yan Sanda, Kotu Da Ayyukan Jama'a

Duk ranar da aka ji a rediyo cewa majalisa ta gayyaci wani minista, ko sanatoci sun ba Sufeto Janar na 'yan sanda wa'adin mako biyu, tambayar da ake yi a ɗaya majalisar, wato ta bakin titi inda ake shan shayi, ba ta wuce guda: to daga nan sai me? Wannan shafi ya tattaro irin waɗannan tambayoyi ne. Amsoshin sun fi karkata ga Majalisar Tarayya da ke Abuja, amma mun leƙa majalisun jihohi ma, domin yawancin abin da ke damun talaka a can maganarsa take.

Wace doka ce ta ba 'yan majalisa ikon titsiye jami'an gwamnati?

Kundin tsarin mulkin 1999 ne. Sashe na 88 ya ba Majalisar Dattawa mai mutum 109 da ta Wakilai mai mutum 360 ikon bincikar duk wata ma'aikata ko hukuma ko mutumin da aka ɗora wa aiwatar da dokar da majalisa ta yi, ko kashe kuɗin da ta amince a kashe. Sashe na 89 ya ƙara musu da ikon kiran shaida, da rantsar da shi, da neman ya kawo takardu, da ba da sammacin kamo shi idan ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Sashe na 67 kuma ya ce minista zai halarci majalisa idan ta gayyace shi ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129.

Sai dai ikon yana da shinge. Sashe na 88 ɗin da kansa ya faɗi dalilan da za a yi bincike saboda su: don a yi doka ko a gyara wadda ta samu naƙasu, da kuma don a fallasa cin hanci, sakaci ko almubazzaranci. Majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta raba gado, ba ta karɓo wa mutum bashi. Tun a Jamhuriya ta Biyu aka fara jan wannan layi, lokacin da Majalisar Dattawa ta kira Tony Momoh, editan jaridar Daily Times, kan wani rubutu da ya taɓa sanatoci, shi kuma ya garzaya kotu.

Me ya sa ba ma ganin shugaban ƙasa yana tsayawa ana yi masa ruwan tambayoyi kamar firaministan Ingila?

Tsarin ne ya bambanta. A Ingila firaminista ɗan majalisa ne, ministocinsa ma haka, shi ya sa duk Laraba idan majalisa na zama yake tsayawa na rabin awa jagoran adawa yana caccakarsa ido da ido. Mu ma mun taɓa yin irin wannan tsari a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministocinsa suke zaune cikin zauren majalisa a Legas. Daga 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, inda minista ba ɗan majalisa ba ne, baƙo ne da sai an gayyato shi. Gana ta ɗauki tsaka-tsaki: tana da shugaban ƙasa, amma mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa ake ɗaukar su, kuma akwai lokacin da aka ware suna amsa tambayoyi a zauren.

Shi shugaban ƙasa, abin da sashe na 67 ya ce shi ne yana iya halartar majalisa. Bai ce dole ba. An ga tasirin wannan kalma a ƙarshen 2020. Bayan kisan gillar da Boko Haram ta yi wa manoman shinkafa a Zabarmari ta jihar Borno ranar 28 ga Nuwamba, Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya yi bayani kan tsaro. Da farko an sanar cewa ya amsa, har an sa rana. Ana gobe zaman sai Antoni Janar Abubakar Malami ya fito ya ce majalisa ba ta da hurumin kiran shugaban ƙasa kan irin wannan batu. Bai zo ba, kuma maganar ta bi ruwa.

To ta waɗanne hanyoyi suke yin tambayar?

Wadda aka fi gani a talabijin ita ce ƙudirin gaggawa. Ɗan majalisa ya miƙe ya ce an kai hari ƙauyen kaza a mazaɓarsa, ko gada ta karye, abokai su tofa albarkacin bakinsu, a yi shiru na minti ɗaya, a buga guduma, a miƙa wa kwamiti ya kawo rahoto nan da mako huɗu. Wannan ita ta fi amo, kuma ita ta fi saurin mantuwa.

Aikin da ya fi nauyi a ɗakunan kwamiti ake yinsa. Kowace ma'aikata tana da kwamitin da ke sa mata ido a kowane zaure: na harkokin 'yan sanda, na shari'a, na cikin gida wanda gidajen gyaran hali ke ƙarƙashinsa, na lafiya, na wutar lantarki, da sauransu. Su ke zaman sauraron bahasi, su ke kai ziyarar gani da ido, kuma gabansu shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafin kuɗi. Akwai kuma tantance waɗanda shugaban ƙasa ya zaɓa, wanda galibi aikin Majalisar Dattawa ne, ko da yake al'adar nan ta "rusuna ka wuce" da ake yi wa tsoffin 'yan majalisa ta rage masa armashi ƙwarai. Wani lokaci Majalisar Wakilai takan kira manyan jami'ai cikin zauren kanta, kamar yadda ta yi wa hafsoshin tsaro da Sufeto Janar a Nuwamban 2023. A karon farko wakilai suka turo, majalisa ta sallame su ta ce sai masu gayya da kansu, kuma suka zo.

Ana yawan cewa kare kasafin kuɗi shi ne babban makamin majalisa. Da gaske ne?

Da gaske ne, don a nan ne kaɗai mai tambaya yake riƙe da abin da wanda ake tambaya yake so. Tsarin mulki ya hana a taɓa kuɗin baitulmali sai da amincewar majalisa. Shugaban hukumar da zai yi ta aiko da takardar uzuri shekara guda, ranar kare kasafi za ka gan shi tun da safe a barandar ɗakin kwamiti, da daraktocinsa a baya kowa rungume da fayil, mai kula da asusu yana ta lissafi a waya.

Ga misali ɗaya da ya nuna abin da tambaya mai kyau ke iya tonowa. A Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya je kare kasafinsa gaban kwamitin harkokin cikin gida wanda Sanata Adams Oshiomhole ke jagoranta. Aka tambaye shi nawa ake kashewa wajen ciyar da fursuna guda a rana. Ya ce naira 750. Karnukan tsaron hukumar fa? Naira 800 kowanne. Babu wanda ya yi tsawa, babu wanda ya yi barazanar sammaci, tambaya biyu ce kawai aka jera su kusa da juna, kuma washegari babu jaridar da ba ta ɗauka ba. Daga baya gwamnati ta ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125. Kowa ya san wannan ma ba ya ƙosar da babban mutum sau uku a rana da tsadar yau, amma da ba a yi tambayar ba, da mutanen waje ba su ma san adadin ba.

Matsalar ita ce sau da yawa ana karɓar kasafin a makare, a ba kwamitoci 'yan kwanaki, sai a ga hukumar da za ta kashe biliyoyi an sallame ta cikin rabin awa.

Idan jami'i ya ƙi amsa gayyata, me za su iya yi masa?

A takarda, sammaci. A aikace, ya danganta da wanda ke tsaye a bayansa.

Dubi abin da ya faru a 2018. Majalisar Dattawa ƙarƙashin Bukola Saraki ta kira Sufeto Janar Ibrahim Idris sau uku tsakanin Afrilu da Mayu, kan kama Sanata Dino Melaye da kuma kashe-kashen da ake yi a sassan ƙasar. Bai je ba, mataimakinsa ya tura. Sashe na 89 ya ce ɗan sanda ne zai aiwatar da sammacin majalisa, ko wani da shugaban zauren ya wakilta. To wane kurtu ne zai je ya kamo Sufeto Janar? Abin da sanatoci suka iya shi ne ayyana shi a matsayin maƙiyin dimokuraɗiyya wanda bai cancanci riƙe muƙami ba. Ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya yi ritaya a farkon 2019.

Shekara guda kafin nan an yi dambarwar kaki. Shugaban kwastam Kanar Hameed Ali mai ritaya ya je gaban sanatoci cikin farar kaftani, suka ce ya koma sai ya sanyo kakin hukumar. Bai sanya ba har ya bar muƙamin. Abin takaicin shi ne asalin maganar, wato shirin tilasta wa masu motoci biyan kuɗin fito na baya, ta kusa ɓacewa cikin gardamar tufafi, ko da yake hukumar ta dakatar da shirin.

Amma akwai inda barazanar ta yi aiki. A Janairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutane ke kwana a bakin banki, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya yi ta ƙin zuwa gaban kwamitin da Alhassan Ado Doguwa ke jagoranta. Kakakin majalisa Femi Gbajabiamila ya ce zai sa hannu a sammaci. Bankin ya ƙara wa'adin daina karɓar tsoffin kuɗi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, shi kuma ya bayyana gaban kwamitin. Ba tsoron majalisa kaɗai ya jawo haka ba, ƙasar ce gaba ɗaya ta ɗauki zafi ga zaɓe ya ƙarato, amma majalisar ce ta zama bakin da aka yi maganar da shi.

Matsayar da majalisa ta cimma dole ne gwamnati ta bi?

A'a. Doka daban, matsaya daban. Dokar da zaurukan biyu suka amince da ita shugaban ƙasa ya sa hannu, ko suka tsallake shi da kashi biyu cikin uku, ita ce dole. Matsaya shawara ce mai nauyi, shi ya sa za ka ji ana cewa majalisa ta "buƙaci" ko ta "yi kira". A 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙarin kuɗin wutar da aka yi wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, ba a dakatar ba. Ko ƙin amincewa da naɗi ma ana iya zagaye shi: sau biyu sanatoci suka ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC, a Disamban 2016 da Maris ɗin 2017, amma ya zauna a matsayin muƙaddashi har Yulin 2020.

Wane ne ainihin mai iko da 'yan sanda, kuma wa ya kamata ya tambaye su?

Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, wadda gwamnoni ke ciki, kuma naɗin ba ya bi ta Majalisar Dattawa. Ka ga tun daga nan an rage wa sanatoci abin riƙewa. Ɗaukar aiki da ƙarin girma da ladabtar da sauran jami'ai kuwa aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, ita ce sanatoci ke tantance mambobinta.

Abin da ya rage wa majalisa shi ne doka da kuɗi da bincike. Ita ta yi Dokar 'Yan Sanda ta 2020 wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun zamanin Turawa, ita ta kafa asusun tallafa wa rundunar a 2019. Ita ce kuma a Yulin 2024 ta gyara dokar cikin yini guda don Sufeto Janar ya cika shekara huɗu ko da shekarun ritayarsa sun yi. Mai son ya san abin da majalisa ta ɗauka da muhimmanci, ya duba abin da take gamawa da sauri.

Bincike mafi amfani kan 'yan sanda yakan fito ne daga inda ba a zato, wato rahoton Odita Janar na Tarayya. Tsarin mulki ya ce a miƙa rahotonsa ga majalisa, kwamitin kula da asusun gwamnati ya bi shi layi-layi, kuma bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancin wannan kwamiti. Rahoton shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 da ba a ga bayaninsu a rumbunan rundunar ba, ciki har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. A Fabrairun 2025 kwamitin Majalisar Dattawa ya zaunar da manyan 'yan sanda kan wasu bindigogi 3,907 daga cikin rahoton. Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya zo da kansa ya ba da haƙurin rashin amsa gayyatar baya. Jami'ansa suka nemi a koma zaman sirri, sanatoci suka ƙi. Rundunar ta yi bayanin cewa da yawa daga makaman an ƙwace su ne a hare-haren da aka kashe jami'anta. Wannan amsa ce da za a iya bin diddiginta bindiga bayan bindiga, ofishi bayan ofishi. Amma ka lura da tazarar: lissafin 2019 ne ake tambaya a 2025. Mutumin Zamfara ko Katsina da ke son sanin inda ɗan bindiga ya samo makaminsa ya jira shekara biyar da ɗoriya kafin a yi tambayar a bainar jama'a.

Majalisar jiharmu za ta iya kiran kwamishinan 'yan sanda?

Za ta iya gayyatarsa, kuma sau da yawa yakan zo don zaman lafiya, tunda gwamnatin jiha ce ke saya musu motoci da mai. Amma shi ma'aikacin tarayya ne, ba majalisar jiha ke yi masa kasafi ba. Ko umarnin gwamna ma, sashe na 215 ya ba shi damar cewa sai an ji daga sama. Muddin ba a gyara sashe na 214 ba haka abin zai zauna, kuma gyaran yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure a Abuja da amincewar majalisun jihohi 24. Waɗanda majalisar jiha ke da cikakken iko a kansu su ne hukumomin da ita ta kafa da dokarta: Hisbah da KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, da rundunonin tsaron al'umma irin na Katsina da Zamfara.

Alƙalai fa? Ana iya kiran alƙali ya yi bayanin hukuncin da ya yanke?

Ba a yi, kuma bai kamata a yi ba. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba ya ɗaukaka ƙara. Wanda ke zargin alƙali da cin hanci ya kai koke Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a, wato NJC. Ƙa'idojin majalisa ma sun hana tattauna maganar da ke gaban kotu ta yadda za ta shafi shari'ar.

Inda majalisa ke da hannu shi ne tabbatar da naɗin Alƙalin Alƙalai da na Kotun Ƙoli, da kasafin ɓangaren shari'a, da albashi, kamar dokar 2024 da ta ninka albashin alƙalai. Tsige Alƙalin Alƙalai ma sashe na 292 ya ce sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na sanatoci, ko da yake a Janairun 2019 an dakatar da Walter Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata ba tare da an bi ta zauren ba.

Wanda ya fi dacewa a titsiye kan tafiyar hawainiyar shari'a shi ne Antoni Janar, domin shi minista ne, a jiha kuma kwamishinan shari'a. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Da yawansu fayil ɗinsu ne ya maƙale tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyan gwamnati. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Ta hana kama wani a madadin wani. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki. Ta ce mace tana iya tsayawa beli. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Ɗan majalisar da ya san aikinsa ba sai ya yi dogon jawabi ba, ya tambaya kawai: a wata shida da suka wuce, sau nawa majistare ya shiga ofishin 'yan sandan garin kaza, kuma ina rahoton?

Sau da yawa sai abu ya lalace ake zuwa. Bayan harin da aka kai gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yulin 2022, inda ɗaruruwan fursunoni suka tsere, Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan ya kai ziyara ya nuna takaicin rashin kyamarorin tsaro a wurin. Gaskiya ya faɗa. Sai dai Kuje tana cikin Babban Birnin Tarayya, ba nisa da majalisar, kuma duk shekara gabansu kasafin gidan yake bi. Ihu bayan hari kenan.

Asibitinmu babu magani, makarantar firamare rufi ya yaye. Sanata zan nema?

Galibi a'a. Ƙaramin asibiti da firamare da ruwan famfo da hanyoyin cikin gari na jiha ne da ƙaramar hukuma, don haka ɗan majalisar jiha da kansila su ne naka. Asibitin koyarwa na tarayya, jami'ar tarayya, babbar hanya irin ta Kano zuwa Abuja, waɗannan na Abuja ne. Akwai inda suka haɗu: tarayya tana ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta ga ilimin bai-ɗaya ta hannun hukumar UBEC, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka, kuma jihohi da dama kan bar kuɗin a kwance. Wannan tambaya ce ta majalisar jiha ga kwamishinan ilimi da shugaban SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Tun gyaran tsarin mulki na 2023, jihohi sun samu damar yin dokar wutar lantarki da ta gidajen gyaran hali, saboda haka uzurin "ai na tarayya ne" ya ragu.

Ba 'yan amshin shatan gwamna ba ne 'yan majalisar jiha?

Mafi yawan lokaci haka suke, ba sai an ɓoye ba. Gwamna ke riƙe da jam'iyya, shi ke raba tikiti. Amma tarihi ya nuna ikon yana nan idan an ga dama. A Kaduna, majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, ta kuma tsige shi a Yunin 1981. A Kano a 2018, bayan jaridar Daily Nigerian ta saki bidiyon da ake zargin Gwamna Abdullahi Ganduje da karɓar daloli, majalisa ta kafa kwamiti, mawallafin jaridar Jaafar Jaafar ya bayyana rataye da Alƙur'ani, gwamnan ya musanta ta bakin kwamishinansa, sannan babbar kotun jiha ta ce binciken laifi ba hurumin majalisa ba ne. A 2024 majalisar Kaduna ta binciki basussuka da kwangilolin gwamnatin Nasir El-Rufai, shi kuma ya yi watsi da rahoton ya ce siyasa ce. Abin lura a nan shi ne ƙarfin halin yakan zo ne bayan gwamna ya sauka, ko idan an ɓata da shi.

Su kuma masu binciken, wa ke bincikarsu?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Binciken tallafin mai na 2012 yana cikin mafi kyawun aikin da Majalisar Wakilai ta taɓa yi, an watsa shi kai tsaye, mutane sun bar sana'a suna kallo. Ƙarshenta shugaban kwamitin, Farouk Lawan, shi aka ɗaure kan karɓar dala 500,000 daga attajiri Femi Otedola, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a Janairun 2024. A Yulin 2020, wajen binciken hukumar raya yankin Neja Delta, muƙaddashin shugabanta ya sulale a kujera ana tsakiyar tambaya. Da ministan harkokin Neja Delta na lokacin Godswill Akpabio ya fara cewa 'yan majalisa ma suna cin kwangilolin hukumar, sai mai jagorantar zaman ya shiga roƙonsa ya kashe makirufo. Bayan shekara uku Akpabio ya zama Shugaban Majalisar Dattawa.

Na cikin gida da ya ɗaga murya kuwa yakan ji a jikinsa. Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji ya sha dakatarwar kwanakin zama 180 a 2016 bayan ya yi zargin cushe a kasafi. Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya an dakatar da shi wata uku a Maris ɗin 2024 saboda hirar da ya yi da sashen Hausa na BBC, inda ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da bai ga ayyukan da aka jingina su da su ba. EFCC da ICPC da kotu suna da iko kan 'yan majalisa, don ba su da rigar kariya irin ta gwamna, sai dai kariyar abin da suka faɗa a cikin zaure.

Ina da koke kan 'yan sanda ko wata hukuma. Yaya zan kai shi majalisa?

Rubuta shi. Wannan ita ce gaɓar da mutanenmu suka fi sakaci da ita. Wani maƙwabcina tela, an taɓa tsare ƙaramin ɗansa kwana huɗu a wani ofishin 'yan sanda saboda yayansa ya gudu da kuɗin babur na wani. Ranar Asabar ya tafi gidan ɗan majalisarmu tun bayan sallar asuba, ya zauna a rumfa cikin masu neman kuɗin magani da na suna. Da layi ya zo kansa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne aka riƙe mini, ba shi ya yi ba." Onarabul ya ce, "Subhanallahi, Baba, za a duba," ya sa yaronsa ya miƙa masa kuɗin mota. Wani matashin lauya ne a unguwa ya je ya karanta wa DPO sashen da ya hana kamun madadi, aka saki yaron da yamma. Da tela ya je da takarda mai kwanan wata da sunan ofishi, da ɗan majalisar ya samu abin da zai ajiye gaban kwamiti, kuma da wataƙila an tambayi yara nawa ke tsare a wannan ofishi a kan irin wannan dalili.

Ka sa sunanka da adireshinka da sa hannu, ka faɗi abin da ya faru da rana da wuri, ka haɗa kwafin duk wata shaida, ka bayyana abin da kake so a yi. Kada ka yi zagi. Ɗan majalisa ne zai gabatar da shi a zaure, daga nan a tura wa kwamitin koke-koken jama'a, wanda zai kira ka ya kira hukumar. Idan maganar tana kotu ba za su karɓa ba. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ka kuma riƙa bibiya wurin akawun kwamitin, don shi ya san ranar da aka sa.

Idan abin na gaggawa ne, mutum yana tsare yanzu, kada ka jira majalisa. Nemi lauya, ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Korar aiki ba bisa ƙa'ida ba da riƙe fansho kuwa, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofishi a kowace jiha kuma kyauta ne.

Wakilinmu bai taɓa buɗe baki ba. Za mu iya yi masa kiranye?

Sashe na 69 ya yarda, amma hawan dutse ne. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A yunƙurin da aka yi kan Dino Melaye a 2018, sa hannun da aka iya tantancewa bai kai kashi 6 cikin ɗari na masu rajista ba. Na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 ma INEC ta ce bai cika adadi ba.

Kafin ka yanke masa hukuncin shiru, ka bincika kwamitocin da yake ciki. Wani ba ya magana a zaure amma shi ke hana daraktoci barci a ɗakin kwamiti, wani kuma kullum yana talabijin bai taɓa karanta shafi ɗaya na rahoton odita ba.

A ina zan ga abin da aka tambaya da amsar da aka bayar?

Ana watsa zaman zaurukan biyu kai tsaye a YouTube da Facebook, yawanci Talata zuwa Alhamis, kuma ana fitar da jadawalin abin da za a tattauna kowace rana. Zaman kwamiti ya fi wuyar samu, sai wanda 'yan jarida suka halarta, kuma da an zo maganar tsaro akan fitar da su a rufe ƙofa. Rahoton Odita Janar da kasafin kuɗi suna intanet. Abin da ba ka samu ba kana iya nemansa a rubuce ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Idan kwamiti aka ba mako huɗu, rubuta ranar a wayarka, idan ta cika ka aika wa wakilinka saƙo ka tambaye shi ko an ajiye rahoton.